Wanda Ya Ƙona Lasifikar Alhaji

Duk Maradi ta gama yanke wa Alhaji Abdulmutallib hukunci: dukiya ta hau masa kai. Sai ka gaishe shi daga baya har sau uku bai waiwaya ba. 'Yan kasuwa suna cewa tun da ya sayo doguwar baƙar motar nan daga Kwatano ya daina amsa sallamar talaka. Maganar tana dawo masa, kuma ya fi son a ci gaba da faɗinta.

Gaskiyar ita ce kunnensa na dama ya mutu murus shekara biyu ke nan, na hagu ma saura ƙiris. Ban da matarsa Hajiya, ba wanda ya sani sai 'yarsa Tsahara.

Tun da yajin aiki ya cinye musu shekara guda a jami'ar Yamai ta dawo gida, Tsahara ta zama kunnen mahaifinta. Ita ke ɗaukar tarho in an bugo daga Kano ko Kwatano. In baƙi suna buro, wato ofishinsa na gida, tana zaune a kusurwa da takarda, tana rubuta abin da ya wuce shi ta miƙa masa kamar wasiƙa ce ke jiran sa hannu. Mutane suka ce ai ga shi nan, Alhaji har da sakatariya irin ta ministoci.

Wannan ne ya tsaya tsakaninta da Hamidu, ko da yake Hamidu bai sani ba.

Hamidu mai gyaran rediyo ne, ɗan manoman Jiratawa, yana da rumfa bayan tashar mota. Ƙanen mahaifinsa, Baba Ya'u, ya zo gidan Alhaji a unguwar Zariya ta Maradi a kan keke da goro a ƙunshe neman izinin auren Tsahara, aka bar shi a zaure har azahar ba a gan shi ba. Alhaji ya ce shi ba zai yi wa mace mai shekara ashirin da biyar dole ba, amma kuma ba zai ba da ita Jiratawa ba. In aure take so, ga Tanimu ɗan ƙanwarsa. Ba don Tanimu ya fi kowa da komai ba, in ka ɗebe tsawo da iya ɗaura agogo. Ɗakinsa ne ke cikin gidan, shi ke nan. In Tsahara ta aure shi, kunnen Alhaji bai bar gida ba.

Ga kuma zaɓe ya ƙarato. Sojoji sun ce za su miƙa mulki kafin shekara ta ƙare, 'yan parti kuma suna son tsayar da Alhaji takarar depite, wato ɗan majalisa. A ganin Alhaji, ranar da aka san ba ya ji, ko mai unguwa ba za a tsayar da shi ba.

Ana cikin haka motar ta fara wata irin ƙara. Tana da babbar lasifika a baya, ƙarƙashin allon da ke bayan kujeru, wadda masu gyara ke kira bas, ita ke fitar da kaurin ganga. Yanzu da an kunna kaset sai ta riƙa kwarkwar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Tanimu bai ɓata lokaci ba. Ya tuna wa kowa cewa sati uku da suka wuce Hamidu ya gyara wurin sa kaset na motar, ya ce a ranar ne ya zare ta ainihin ya liƙa ta bogi.

Alhaji ya ce a kira Hamidu ya buɗe motar a gaban mutane bayan la'asar. In an tarar da sata, komisariyar 'yan sanda za ta raba su, kuma kada a sake ambaton sunansa a gidan.

Tsahara da kanta ta kai saƙon, da hujjar za ta gidan waya.

Ta tarar da shi a rumfa ya duƙa a kan wata tsohuwar rediyo. Labarin ya riga ta isa, ta gane haka daga yadda maƙwabtansa suka yi shiru da ta tsaya. Ya share mata benci da hannun rigarsa. Ba ta zauna ba.

"Mi na yi ma Alhaji, Tsahara?" ya tambaya a hankali. "In talauci ne, a hwaɗa mani in sani. In asali ne, a tahi Jiratawa a tambaya. Amma sata?"

Ta buɗe baki, hawaye suka riga maganar. Ta san wanda ya ƙona lasifikar. Kullum da hantsi mahaifinta yana tafiya gonarsa ta Tsibiri shi kaɗai, ya rufe gilasai, ya murɗa komai har ƙarshe. Waƙar ba ta isa kunnensa, amma yana jin bugun gangar a bayansa ta jikin kujera, kuma wannan ne kawai ya rage masa na kiɗan ƙuruciyarsa. Ta rantse masa da Alƙur'ani ba za ta gaya wa kowa ba. Ga shi yau rantsuwar tana neman cinye mutuncin wanda take so.

"Ba ka yi komi ba," ta ce. "Wallahi ba ka yi komi ba."

"To mi ke sa ki kuka?"

"Ka zo, Hamidu. Ka zo ka wanke sunanka gaban kowa, ina tsaye ina kallo. Abu guda ni ke roƙonka. In ka kai inda sunanka ya hita, ka tsaya nan. Kar ka ƙara gaba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya tambaye ta abin da ke gaba ɗin, ta girgiza kai. Ya sake tambaya, ta ce in yana sonta kada ya tilasta ta. Sai ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur naɗe a tsohon zane, ya buɗe mata gefe. Lasifika ce babba, faɗinta ya kai faifai. Ya ce tun makon jiya motar ta wuce ta gaban rumfarsa ya ji kukanta, ya gane ciwon. Ranar kasuwa ya tsallaka Jibiya ya samo irinta a jikin wata mota da ta yi hatsari. Niyyarsa ya kai wa Alhaji kyauta, ko zuciyarsa ta yi sanyi.

Tsahara ta share fuskarta da gefen mayafi. A nan ta ƙudura a ranta cewa ko me zai faru da yamma, ba za ta bari a kira mutumin nan ɓarawo ba, kuma ba za ta auri Tanimu ba ko da za ta tsufa a buro.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itacen bedi, a farfajiyar gidan. Alhaji yana kan kujera. A gefensa akwai Alhaji Sha'ibu, jagoran parti daga Tsibiri, wanda ya zo a ƙarasa maganar takara ya tarar da abin kallo. Sai maƙwabta huɗu ko biyar, irin waɗanda ba a gayyata amma ba sa makara. Motar tana can bakin garaji, taku ashirin daga tabarmin. Tsahara ta tsaya a tagar buro da wasiƙu a hannu, ko layi ɗaya ba ta karanta ba.

Hamidu ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida manya, ya ajiye akwatin kayan aikinsa da ƙunshin zanen. Tanimu ya sa ƙafa ya ɗaga bakin zanen, idonsa ya yi haske.

"Jama'a ku gani! Ga ta nan ya maido. Tsoro ya kama shi ya maido abin da ya ɗauka."

Aka fara gunaguni. Tsahara ita kanta ba ta hango wannan ba. Kyautar da aka tsallaka iyaka aka nemo ta zama shaidar sata.

Hamidu ya roƙi makulli ya shiga mazaunin direba, ya kunna kaset. Ƙarar ta tashi, har maƙwabta suka yamutsa fuska. Ya mayar da sautin gaba kawai, ya fito tas. Ya mayar da shi baya, kwarkwar ɗin ta dawo. Ya ɗan daɗe a wurin fiye da yadda aikin ke bukata, yana kallon maɓallan, sannan ya fito.

Ya buɗe kofur, wurin ajiye kaya na bayan motar, ya fitar da jak da tayar safaya, ya ce wani lokaci ƙarfe ne ke rawa a ɗora wa lasifika laifi. Ƙarar ba ta daina ba. Ya kwanta rigingine, kansa a cikin kofur, ya zare wayar da ke shiga bas ɗin. Nan take motar ta yi shiru da kwarkwar, sai siririyar waƙa daga gaba.

"Ciwon yana jikinta," ya ce. "Amma kahin in taɓa ta, ina roƙon Alhaji Sha'ibu shi zo shi duba da idonshi."

Alhaji Sha'ibu ya tattara babbar riga ya zo ya leƙa. Hamidu ya haska masa tocila. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da lasifikar, kuma a kan kowanne akwai ɗigon fenti rawaya da ya haɗa kan ƙusar da jikin ƙarfen. Ya yi bayani cewa a kamfani ake ɗiga shi ranar da aka haɗa motar. Duk wanda ya sa turnabis ya murɗa, ko sau ɗaya, fentin zai tsage. Alhaji Sha'ibu ya sa farce ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe yana kaɗe hannu, ya ce tun da aka ƙera motar nan ba wanda ya kwance wannan abu.

Tsahara ta jingina da bango. Tanimu ya gyara agogonsa, wanda ba abin da ya same shi.

Sai a lokacin Hamidu ya kwance ƙusoshin ya sauko da ita, ya bar rami a allon bayan kujeru. Ya ɗora ta a kan tabarma ya danna tsakiyarta da yatsu, kowa ya ji tana gurzawa kamar da yashi a ciki. Ya ɗauki ƙaramin pil, wato batir, ya taɓa bakin wayoyinta, ko motsi. Ya taɓa na sabuwar, ta yi tsalle ta koma. Ya miƙa tsohuwar aka shinshina, ƙauri ne kawai.

Da an tsaya nan da komai ya yi daidai. Amma Alhaji Sha'ibu mutum ne mai son jin ƙarshen zance.

"To samari, mota ba ta shekara ukku ba. Mi ya ƙone ta?"

Hamidu ya riga ya ga amsar tun yana mazaunin direba. Maɓallin kaurin sauti an murɗe shi har ya tsaya. Sautin duka an karkatar da shi hagu, gefen ƙofar direba. Rubutun maɓallin ƙara ya goge saboda murɗawa. Kujerar kuma an matso da ita gaba, daidai gajeren mutum, ba dogo irin Tanimu ba. Ya koma bayan motar kamar zai ɗauko wani abu, daga nan ya kira, da murya irin ta kowa: "Alhaji."

Alhaji bai motsa ba. Idonsa na kan bakin Alhaji Sha'ibu.

"Alhaji," ya sake cewa.

Maƙwabta suka kalli juna, irin kallon nan na ai ka san halinsa. Hamidu bai kalle su ba. Tagar buro ya kalla, ya ga Tsahara ta toshe bakinta da hannu, hawaye na bin yatsunta. Ya gane abin da ta roƙe shi da safe.

Hanya mai sauƙi tana gabansa. Kowa ya san Tanimu kan ɗauki motar ya zaga gari da samarin parti, da ya nuna shi ba wanda zai musa. Amma ba Tanimu ya ƙona ta ba, kuma Hamidu ya san ɗacin ƙage, da shi ya kwana jiya.

Ya dawo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Laihina ne," ya ce. "Ranar da na gyara kaset na bar wata waya ba ta zauna daidai ba. Ita ta riƙa tura wuta hiye da ƙima. A gahwarce ni."

Tanimu ya yi dariya har da tafi. Ya ce to ba ɓarawo ba ne, maɓarnaci ne, kowa ya zaɓi wanda ya fi so. Alhaji Sha'ibu ya girgiza kai, ya ce kaico, da ya yi niyyar ba shi aikin lasifikokin parti gaba ɗaya, amma wanda ke ƙona kayan mutane ba a ba shi amana. Maƙwabta suka gyaɗa kai. Kafin magariba labarin zai kai tasha, kuma mai gyara ba shi da jari sai sunansa.

Alhaji dai ya ga bakuna suna motsi, ya ga yaron ya sunkuya, amma kalma ɗaya ba ta isa gare shi ba. Ya daure fuska kamar yadda ya saba.

An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun azahar, don haka Hamidu ya ɗauki ƙarfen narka dalma ya fita wurin mai shayi ya zafafa shi a gawayi. Alhaji ya miƙe ya ce zai duba wata takarda a mota, ya yafito Tsahara. Ya shiga mazauninsa, ta shiga gefe, suka rufe ƙofofi.

"Mi ya ce?" Tambayar da yake mata sau goma a yini.

Ta juyo ta fuskance shi sosai don ya ga bakinta, ta gaya masa komai. Fentin, da tambayar Alhaji Sha'ibu, da kiran da aka yi masa sau biyu daga baya, da ƙaryar da Hamidu ya yi wa kansa. Fuskar Alhaji ta sauya tun kafin ta gama.

"Kin hwaɗa mashi."

"Baba, wallahi ban hwaɗa ba."

"Ɗiyar cikina. Kin dahwa Alƙur'ani kin rantse, sannan kin kai sirrina tasha saboda namiji."

Ya kawar da kai ya kalli gilashin hagu. Ya san abin da ya yi: ya ba ta mataccen kunnen, ya hana ta idonsa. Duk abin da za ta ce yanzu iska za ta gaya wa.

Shekara biyu Tsahara tana rage murya saboda sirrinsa. Yau ta ɗaga.

"Baba, ka dube ni! Motarka ta hwaɗa mashi, ba ni ba. Maɓallanka sun hwaɗa mashi. Ya gane ba ka ji, gaban mutane ya gane, kuma ya zaɓi a kira shi maɓarnaci da a kira ka kurma. Mutumin da ka bar ƙanen ubanshi zaure har azahar."

Kafadarsa ta motsa. Ta san ya ji.

"Ban gaji da zama kunnenka ba," ta ci gaba. "Jiratawa ba Makka ba ce, kullum sai in zo. Amma Baba, ni ma mutum ce. Ka riƙe ni a gidan ga don tsoron abin da mutane za su ce, su kuwa mutanen sun riga sun ce abin da ya hi wannan muni. Ana cewa ka raina talaka. Tsohon da ke gaishe ka ƙohwar masallaci ya bar gaishe ka, yana tahiya yana share ido. Wannan ka zaɓa?"

Ya juyo a hankali. Idanunsa sun yi ja.

"In kin tahi, Tsahara, wa za ya ji mani? Gaban Sha'ibu, gaban gwamna, in anka tambaye ni in yi shiru kamar gunki?" Ya dafa sitiyari. "Ni da na yi ciniki da harshe huɗu. Yau ko kiran salla sai na ga mutane sun tashi."

Ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba. Ta kama hannunsa ta yi kuka, shi kuma ya bar ta ta riƙe. Amma bai ce ya yarda ba, ita ma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Da ta fito ta zaga ta bayan motar don ta koma buro, sai ta tsaya cak. Kofur ɗin a buɗe yake. Ramin da aka cire lasifikar yana nan hangame, ta cikinsa tana hango ƙeyar mahaifinta. Tanimu kuma yana jingine a wurin, hannu a aljihu.

"Ashe Kawu ba girman kai ba ne," ya ce ƙasa-ƙasa, yana murmushi.

"Yaya Tanimu, ka ji tsoron Allah. Shi ya riƙe ka tun kana yaro ɗan lakwal."

"Shi ya sa ni ke son rufa mashi asiri. Abin gida ai sai ɗan gida. Ki ce kin amince da ni, bakina ya ɗinke har kabari. In ba haka ba, ga Alhaji Sha'ibu can zaune, taku ashirin ne."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Abin mamaki, tsoron da take ta ɗauke da shi tun safe sai ta neme shi ta rasa. Ta juya ta koma ta tsaya a tagar direba, daidai idon mahaifinta, ta motsa leɓɓanta ba tare da sauti ba, yadda suka saba. Ta gaya masa Tanimu ya ji, ta gaya masa farashin da ya sa wa shirunsa.

Sannan ta ƙara da murya: "Ka yahe mani, Baba, muryata ta jawo. Amma ba ni aurenshi. Ko Maradi duka za ta ji, ba ni aurenshi."

Alhaji ya kalli ɗan ƙanwarsa ta madubi, ya daɗe yana kallo. Ya buɗe ƙofa ya fito ya tsaya a gefen motar.

Hamidu ya dawo da ƙarfen yana hayaƙi, bai san an yi komai ba. Ya kwanta a kofur ya goge bakin wayoyin, ya duba wadda ke da zane ja ya haɗa ta inda ya dace, don in an juya su bas ɗin zai yi ta ja da baya maimakon ya buga. Ya ɗiga dalma, ya naɗe, ya ɗaga sabuwar lasifikar ta zauna a raminta. Ya ɗaure ƙusoshin, wannan sannan na kishiyar kusurwa, don kada ta karkace. Da ya shiga gaba zai gwada, Tsahara ta ga ya rage maɓallin kaurin zuwa tsakiya, amma sautin ya bar shi a hagu yadda ya same shi.

Ya kunna. Ganga ta fito da kauri, tas, ba ko ɗigon kwarkwar. Maƙwabta suka taso suka kewaye motar. Alhaji ya ɗora tafin hannunsa a kan rufin, ya lumshe ido, yana jin bugun yana shiga hannunsa.

Tanimu ya yi gyaran murya ya matsa kusa da Alhaji Sha'ibu. Ya kalli Tsahara kallon ƙarshe, irin na mai jiran amsa. Ta ɗaga kai ta girgiza masa shi a fili.

"Alhaji Sha'ibu," Tanimu ya fara, "akwai abin da ya kamata parti ta sani kahin..."

"A kashe kaset ɗin," in ji Alhaji.

Muryarsa ta fi yadda ake bukata ƙarfi, kamar kullum, sai dai yau ba wanda ya ɗauke ta a matsayin tsawa. Aka kashe. Ya juya ya fuskanci mutanen, hannunsa har yanzu a kan motar.

"Yaron ga ƙarya ya yi maku. Ba wata waya da ya bari. Ni na ƙona lasihikar da hannuna, don ba ni ji. Shekara biyu ke nan. Duk wanda ya gaishe ni ban amsa ba, shi yahe mani, ban ji shi ba ne."

Bakin Tanimu ya tsaya a buɗe, maganar da zai sayar ta zama ta kowa. Wani dattijo cikin maƙwabta ya fara salati a hankali. Alhaji Sha'ibu ya sunkuya ya nemi takalmansa, ya ce maganar takara sai ya koma Tsibiri ya shawarci mutane. Alhaji ya bi bakinsa da ido, ya gane, ya gyaɗa kai. Tsahara ta ga abin ya soke shi, ta kuma ga bai sunkuya ba.

Hamidu yana durƙushe da turnabis a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Alhaji ya tako ya tsaya a kansa.

"Kai, tashi ka dube ni in za ka yi magana. Wannan sunkuye-sunkuyen ladabi ne ga wasu, ni hana ni ji ya ke. Mi ne sunan tsohon da na bari zaure?"

Hamidu ya miƙe ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi wa babba ba. "Ya'u, Alhaji."

"Ka ce ma Malam Ya'u shi dawo ran Juma'a." Ya kalli Tsahara da ke share hawaye da bayan hannu, sannan ya ƙarasa. "In ya zo shi zauna ta haguna, kuma shi ɗaga murya. Ba ni son a maimaita mani wannan maganar ta bakin kowa."